Gwajin suga na masu ciki: yadda ake yinsa da abin da za ki tarar ranar

Ranar da na raka ƙanwata gwajin suga lokacin cikinta na biyu, mun fita tun ƙarfe bakwai saura, muka samu layi, muka jira, sai da aka zo kanta mai ɗibar jinin ya ɗago kai ya ce "Hajiya kin ci wani abu da safen nan?" ta ce a'a wallahi ban ci komai ba, koko ne kawai na ɗan kurɓa sabida jiri. Shikenan, ya miƙo mata takardarta ya ce sai wani satin. Ba laifinta bane, a wajen awo an dai ce mata ta zo da sassafe kar ta ci abinci, ita kuma a wajenta koko ba abinci bane, abin sha ne. Kuɗin mota ya tafi, yinin ya tafi, ga yara an bari a maƙota. Abin ya tsaya min a rai sosai, dan bayanin minti biyu ne da ya isa ya hana wannan wahalar. To 'yar uwa in an rubuta miki wannan gwajin, ko kina da ciki ba a ma taɓa yi miki zancensa ba, zauna ki karanta.

Akwai ciwon sugan da yake zuwa da ciki kawai, mace lafiyarta ƙalau kafin ta ɗauka, amma da cikin ya yi nisa sai suga ya fara taruwa a jininta. Dalili kuwa mabiyiya ce, wato uwar da take fitowa bayan an haifi yaro. Tana fitar da wasu sinadarai dan yaro ya samu abinci isasshe, su kuma sinadaran suna rage wa insulin ƙarfi, shi insulin ɗin nan shine yake kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da sauran jiki. Yawancin mata jikinsu sai ya ƙara yawan insulin ɗin a daidaita, wasu kuma jikin baya iya cimma buƙatar, sai sugan ya hau. Kuma ba abu bane da sai an tona, ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya a rahotonta na 2021 ta ce kusan haihuwa ɗaya cikin shida uwar ta yi fama da hawan suga lokacin cikin.

Abin da yasa nake matsa wa mata a kan gwajin shine ciwon baya nuna kansa. Alamominsa in ma sun fito su ne yawan fitsari, ƙishirwa, gajiya, to wace mai ciki ce bata da waɗannan, musamman a zafin watan Afrilu? Kuma kar ki ce ai duk zuwa awo ana gwada fitsarina. Wannan ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari yana da amfaninsa amma baya isa, mace zata iya samun suga a fitsari jininta lafiya lau sabida ciki yana canza aikin ƙoda, wata kuma sugan jininta ya hau amma fitsarin bai nuna komai ba. Jini ne yake faɗin gaskiya.

Yaushe ake yi

Tsakanin sati 24 zuwa 28, wato wajen wata shida kenan, lokacin ne sinadaran mabiyiya suke fara yin ƙarfi. In baki da tabbacin satinki duba takardar sikanin ɗinki ko ki tambayi nas ta lissafa miki. Amma akwai waɗanda bai kamata su jira wata shida ba, tun zuwan farko ya kamata a duba su sannan a sake a sati 24 ɗin in na farko ya fito lafiya. In kin taɓa haifar yaro mai nauyin kilo 4 ko fiye, ko an taɓa ce miki kina da suga a wani cikin, ko mahaifiyarki ko mahaifinki ko wani da kuke ciki ɗaya yana da ciwon suga, ko kina da ƙiba sosai, ko shekarunki sun haura 35, ko kin taɓa haihuwar yaro ba rai ba a san dalili ba, ko sikanin ya nuna ruwa ya yi yawa a cikin, to ki buɗe baki ki faɗa da kanki. Ranar awo mata sun fi ɗari a kan benci, malaman asibiti biyu ko uku, ba kullum ake samun lokacin yi miki duk tambayoyin nan ba. Ki ce "sister, yarona na baya kilo huɗu da rabi ne, ya kamata in yi gwajin suga?" Ba rashin kunya bane.

Gwajin iri biyu ne kuma ki tabbatar kin san wanne aka rubuta miki kafin ki bar asibitin, dan shirinsu ba ɗaya bane, nan ne ake samun ruɗani.

Akwai ɗan ƙarami na tacewa, wanda aka fi yi a Amurka da wasu asibitocin kuɗi. Shi ba a azumi. Za a baki ruwan gulukos giram 50 ki shanye, bayan awa ɗaya a ɗebi jini sau ɗaya ki tafi. In sugan ya kai 140 a ma'aunin mg/dL, wasu wuraren ma 130 suke ɗauka, ba wai an ce kina da ciwon ba, ana nufin sai kin dawo an yi babban, na giram 100 mai awa uku da ɗibar jini sau huɗu. Mata da yawa da suke faɗuwa a ƙaramin in an yi babban sai a ga ba komai, dan haka kar ki kwana kina kuka.

Sai na giram 75 mai awa biyu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'auninsa a 2013, shi ne za ki fi haɗuwa da shi a manyan asibitocinmu. A takardar lab za ki ga an rubuta OGTT, 'yan uwanmu na Nijar kuma HGPO za su gani. A kansa zan tsaya dan shi ne mai ƙa'idoji.

Kwana uku kafin ranar

Ki ci abincinki yadda kika saba. Na maimaita, yadda kika saba. Tuwonki, shinkafarki, dankalinki, komai. Na san abin da mata suke yi, da an ce gwajin suga sai a daina shan shayi da suga, a daina cin tuwo, a koma ganye, wata har ta dinga shan ruwan shuwaka ko tafarnuwa wai dan sakamako ya fito da kyau. Dan Allah wa za ki ruɗa? Ba jarrabawar makaranta bace da ake neman a ci, so ake a ga yadda jikinki yake yi da suga a rayuwarki ta kullum. In kin ɓoye shi a takarda yana nan a jinin, kuma yana wucewa wajen yaro. Wani abin ma da ba a sani ba, in kika yanke abinci mai sitaci kwana biyu uku sannan aka ɗura miki gulukos lokaci ɗaya, jikin yana iya rikicewa sugan ya hau fiye da yadda ya kamata, a rubuta miki ciwon da baki da shi. Kinga an yi ba a yi ba.

In zazzaɓi ya kama ki a kwanakin, maleriya ko wani abu, ko kina amai da gudawa, ki je ki faɗa a ɗaga ranar, rashin lafiya yana canza sakamako. Haka in an yi miki allurar nan ta ƙarfafa huhun yaro, ko kina shan magani irin su prednisolone, ki faɗa, suna ɗaga suga. Sauran magungunanki kuma kar ki daina da kanki, ki tambayi likita wanne za ki sha da safen wanne za ki bari sai an gama.

Daren gwajin ki ci abincin dare da kyau, wajen ƙarfe tara ko goma ki rufe baki. Ana son awa 8 zuwa 14 ba ci, kar ya gaza kuma kar ya wuce, shiyasa ba a so ki ci tun magariba sannan a ɗebi jininki ƙarfe goma sha ɗaya na rana. Ruwa zalla kam ki sha, yana ma sa jijiya ta fito a samu jinin da sauƙi. Amma banda koko, banda kunu, banda shayi ko da ba suga, banda fura, banda dabino ko guda ɗaya, banda goro, cingam da alewar da kike tsotsa dan tashin zuciya suma a ajiye su. In ranar ta faɗo cikin Ramadan kuma kina azumi ki sani gwajin dole sai an sha abu da safe kuma ba a yin sahur kafinsa, to ki tsara da likita da wuri, satin nan huɗu ne kawai kar ki bari su wuce.

Ki tambaya tun kafin ranar ko su za su bada gulukos ɗin ko ke za ki siyo, dan wasu lab ɗin sai su ce ki zo da garin gulukos daga kemis. In ke za ki siyo ki kai musu shi a rufe su auna da kansu, ba a kintata shi da cokali. Ki tafi da katinki na awo, da ruwan sha, da abincin da za ki ci da an gama, ƙwai dafaffe ko alale ko ƙosai da biredi, da ɗan zani ko mayafi na shimfiɗawa in bencin ya ishe ki. In da hali ki tafi da wani, kuma goyon da yake hannu a bar shi a gida, awa uku kina yunwa ga yaro yana ja miki hijabi ba ƙaramin aiki bane.

Ranar kanta

Da farko za a ɗebi jini a hannu kina cikin yunwar, wannan shine na azumi. Daga jijiya ake so a ɗiba a kai lab, na tsinken yatsa bai kai shi daidai ba wajen yanke hukunci. Sannan a miƙo miki kofi, gulukos giram 75 a cikin ruwa kamar rabin leda na fiya wota ko ya ɗan fi, a ce ki shanye cikin minti biyar.

Gaskiya zan faɗa miki, zaƙinsa ya wuce misali. Ba zaƙin lemo bane mai daɗi, wani irin zaƙi ne mai kauri da yake tsayawa a maƙogwaro, ga ciki ba komai. Ƙanwata da muka koma sati na biyu ta ɗaga kofin ta yi kurɓa ɗaya ta runtse ido, na ga wuyanta yana motsi tana ƙoƙarin haɗiyewa, sai wata dattijuwar nas da take wucewa ta dafa kafaɗarta ta ce "'yata kar ki ɗanɗana, haɗiye kawai ki ja numfashi ta hanci." Haka ta yi, kurɓa biyar ta gama. In ruwan da sanyi ya fi shiga, dan haka ki tafi da mai sanyi ki roƙa a dama miki da shi. Kar ki yi ta tsotsa kaɗan kaɗan har minti ashirin, lissafin lokacin zai lalace, kar kuma ki rage a kofi ki ce kin gama.

Ki duba agogon wayarki ki riƙe lokacin da kanki. Za a sake ɗibar jini bayan awa ɗaya cif, sannan bayan awa biyu cif, wasu wuraren na azumi da na awa biyu kawai suke ɗauka. Ma'aikacin lab yana da mutane da yawa a gabansa, zai iya mantawa da ke, saura minti biyar ki tashi ki je ki tsaya a ƙofa ki ce lokacina ya yi. Jinin da aka ɗiba a awa biyu da rabi ba zai faɗi abin da na awa biyu zai faɗa ba, sugan ya riga ya sauka, sai a ce miki lafiya alhali ba haka bane.

Tsakanin nan zama za ki yi. Ba zagaya asibiti gaida marasa lafiya, ba hawa bene karɓo wani sakamakon, ba leƙawa kasuwar bakin get, sabida tafiya tana ƙona suga sai ya fito ƙasa da gaskiyarsa. Ba cin komai, ruwa kaɗan dai in an yarda miki. Za ki iya jin tashin zuciya, ko jiri, ko gumi, ko kasala kamar barci zai ɗauke ki, yaron ma za ki ji yana ta motsi, duk wannan an saba gani kuma gulukos ɗin nan na yini ɗaya baya cutar da shi. In jirin ya yi yawa ki faɗa a baki waje ki kwanta ta gefen hagu. In kuma kika yi amai kar ki ɓoye dan gudun dawowa, gulukos ɗin ya fita, duk abin da aka auna bayan nan ba daidai bane, a sake sa miki rana ko likita ya nemo wata hanyar, kamar auna suga a gida na wasu kwanaki.

Da an ɗebi na ƙarshe ki ci abincinki a nan inda kike kafin ki hau adaidaita, dan wasu sugansu yana faɗuwa bayan gwajin su ji jiki yana rawa.

Karanta takardar

Lambobi uku za ki gani. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, na azumi in ya kai 5.1, ko na awa ɗaya ya kai 10.0, ko na awa biyu ya kai 8.5, to akwai sugan ciki, kuma guda ɗaya ma in ya kai ya isa, ba sai duka ukun ba. Wannan in lab ɗin da mmol/L suke rubutawa kenan. In da mg/dL ne lambobin su ne 92 da 180 da 153, abu ɗaya ne, ana ninka na farkon sau 18 ne kawai. A Nijar kuma za ki ga 0,92 da 1,80 da 1,53 g/L. In na azumi ya kai 7.0 ko na awa biyu ya kai 11.1, wannan ana ɗaukarsa cikakken ciwon suga ne wanda wataƙila yana nan tun kafin cikin, kulawarsa ta fi tsanani.

Za ki iya nuna wa wani mai ciwon suga a gida ya ce miki 5.3 ai lafiya lau ne, ni da nake tashi da 8. Kar ki biye masa, ma'aunin mai ciki daban ne. An samo shi ne daga wani babban bincike da aka fitar a 2008, mata sama da dubu 23 a ƙasashe 9, inda aka ga ko ɗan hawan da bai kai na ciwon suga ba yana ƙara wa jariri nauyi da matsala. Kuma asibitoci suna ɗan bambanta, a Ingila misali 5.6 da 7.8 suke amfani da su, dan haka takardar ki mayar wa wanda ya rubuta miki ita, kar ki ninke ki sa a jaka sai awo na gaba. Wani kuma zai ce me yasa ba za a yi gwajin jinin nan na HbA1c ba kawai a huta, wanda ba azumi ba shan komai. Shi matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku yake nunawa, baya kama sugan ciki da kyau, kuma ƙarancin jini da sikila suna iya karkatar da shi, mu kuwa duka biyun ba baƙinmu bane.

In ya fito akwai

Ki ja numfashi. Ba ke kika jawo ba, ba kuma dan kin sha zoɓo mai zaƙi da kwaɗayin ciki bane. Amma a ɗauke shi da gaske. Sugan da yake jininki yana ratsawa zuwa ga yaro, insulin ɗinki kuma baya ratsawa, sai jikin yaron ya dinga ƙera nasa da yawa yana tara kitse. Mu a wajenmu in aka haifi ƙaton jariri sai a yi ta murna ana cewa masha Allah uwar ta ci da kyau, ba a ganin abin da aka sha a ɗakin haihuwa, kai ya fito kafaɗa ta maƙale, uwa ta ƙaru sosai, ko a ƙare da tiyata. Bayan an yanke cibiya kuma sugan uwa ya daina zuwa amma insulin ɗin yaron yana nan da yawa, sai sugansa ya faɗi, shiyasa ake so a sa shi a nono da wuri a kuma auna shi. Ga ciwon shawara a jariri, ga hawan jinin ciki da yake yawan tafiya tare da shi. Duk waɗannan suna raguwa sosai in an gano an kula.

Mafi yawan mata gyaran abinci da motsa jiki ya ishe su. Ba yunwa za ki zauna da ita ba, mai ciki bata horon yunwa. Malmalar tuwon ce za a rage a ƙara miya da ganye, kuka, kuɓewa, zogale, a ƙara wake da kifi da ƙwai da gyaɗa, a raba cin zuwa kaɗan kaɗan sau biyar ko shida maimakon a cika tumbi sau biyu. Lemon kwalba da na kwali da su malt ɗin da ake cewa suna ƙara jini a ajiye su gaba ɗaya, zuma da mazarƙwaila ma suga ne kar a ce miki na gargajiya baya komai. Bayan kin ci ki ɗan taka minti goma sha biyar ko ashirin ko a tsakar gida ne. Za a so ki samu ɗan injin awon suga na yatsa, abin da aka fi nema shine da safe kafin ki ci ya zama ƙasa da 5.3 mmol/L, bayan cin abinci da awa ɗaya ƙasa da 7.8, da awa biyu kuma ƙasa da 6.7, ki samu ɗan littafi kina rubutawa da abin da kika ci, cikin sati ɗaya za ki gane da kanki wane abinci ne yake ɗaga miki. In duk da haka bai sauka ba za a sa miki ƙwayar metformin ko allurar insulin, kuma kar allurar ta firgita ki, ba wai kin kamu da ita har abada bane, yawanci da an haihu ake dainawa. Haihuwar dai a asibiti za a yi ta.

Da mabiyiya ta fita sugan yawancin mata yake komawa daidai, sai a shiga hidimar jego da suna da wankan ruwan zafi a manta da zancen kwata kwata, ga kunun kanwa da zaƙi ana ɗura wa mai jego safe da yamma. To akwai sauran gwaji ɗaya, tsakanin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa, dan a tabbatar ya tafi, sannan a dinga dubawa duk shekara ɗaya zuwa uku sabida wacce ta yi sugan ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon suga nan gaba, shayarwa da rage ƙiba kuma suna taimakawa wajen kare ta. Ki haɗa shi da ranar rigakafin yaro na sati shida ko na sati goma tunda dama za ki je asibitin, ki rubuta a bayan katin rigakafin da biro tun yanzu, ranar ki fita ba ki karya ba.